Pier Luigi Nervi: Injiniyan da Ƙarancin Rodi Ya Mayar Gwani

'Yan uwa ɗalibai, a ce malami ya shigo aji ya ba da wannan aiki: ga fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 40, ana so a rufa shi baki ɗaya, ba a yarda a kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗakin ba, rodin da za a ba ka kaɗan ne, katakon ma a ƙirge yake. Da yawanmu za mu ce malam so yake ya kayar da mu kawai. To wannan aikin ne ya faɗo a hannun wani injiniya ɗan ƙasar Italiya a shekarar 1935, lokacin da rundunar sojan saman ƙasarsu ta nemi a gina mata rumfunan ajiye jiragen yaƙi. Sunansa Pier Luigi Nervi. Rumfunan da ya gina a Orvieto da Orbetello da Torre del Lago ba su cika shekara goma a tsaye ba aka tarwatsa su, amma har yau ana koyar da su a makarantun injiniyanci da zanen gine-gine na duniya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Nervi ranar 21 ga Yuni, 1891, a Sondrio, wani ƙaramin gari da ke cikin duwatsun arewacin Italiya, kusa da iyakar Suwizalan. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ya karanta injiniyancin gine-gine a Jami'ar Bologna, ya kammala a 1913 yana ɗan shekara 22.

A lokacin, kankare mai rodi a ciki sabon abu ne, mutane da dama ba su gama yarda da shi ba. Masu karanta wannan fanni a cikinmu sun san sirrin: kankare na jure danni amma ba ya jure ja, shi kuwa rodi ja ne aikinsa, in aka haɗa su sai kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Nervi ya kama aiki da wani kamfanin kankare na Bologna, ya yi kimanin shekara goma tare da su, in ban da shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya yi a sashen injiniyoyi na soja. Waɗannan shekaru a wurin gini ya yi su, tare da kafintoci da birkiloli da masu ɗaurin rodi, yana ganin yadda kankare ke bushewa, yadda yake tsagewa, da nawa ake kashewa kafin a zuba shi.

A 1923 ya koma birnin Rum ya buɗe kamfaninsa shi da wani abokin haɗin gwiwa mai suna Nebbiosi, sannan a 1932 ya kafa wani da ɗan uwansa Bartoli. A nan akwai abin lura. Nervi shi ne mai zane, shi ne mai lissafi, kuma shi ne ɗan kwangila. In ya zana abin da zai ci rodi a banza, daga aljihunsa asarar za ta fita. Akasarin manyan ayyukansa ya same su ne ta hanyar gasar kwangila, inda farashinsa ya fi na kowa sauƙi.

Aikin da ya fara fito da sunansa shi ne filin ƙwallon birnin Florence, wanda aka gina a farkon shekarun 1930, filin da ƙungiyar Fiorentina ke wasa a cikinsa. Ya yi wa 'yan kallo rufin da ya miƙo gaba sama da mita 20 ba tare da ginshiƙin da zai tare musu kallo ba, ya kuma yi matakala masu murɗewa kamar katantanwa. An buga wasannin Kofin Duniya na 1934 a wannan fili.

Matsalar rumfar jirgi

Rumfar jirgi, wadda masu aikin ke kira hanga, gini ne mai wuyar sha'ani. Jirgi na da fukafukai, saboda haka ƙofa dole ta yi faɗi ƙwarai, ciki kuma dole ya zama fayau domin a juya jirage a gyara su. Rufi mai faɗi kuwa nauyin kansa ne babban abokin gabarsa, ga iska da ke neman ɗaga shi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, rumfunan sojan sama na katako ne da tamfal. Faransawa suna da wata mai suna Bessonneau da ake kwancewa a loda a mota a kafa a wani filin. Ingilawa kuma suna rufa nasu da katakon da aka saƙa kamar raga. Jiragen lokacin su ma na katako ne da yadi, ruwa da rana na lalata su, don haka inuwa kawai ake nema musu. Da jirage suka ƙara girma suka koma na ƙarfe, sai ƙasashe masu arzikin ƙarfe irin su Ingila da Jamus da Amurka suka koma yin rumfunan ƙarfe.

Italiya ba ta da wannan gatan. Ƙasar ba ta da isasshen tama da kwal, ƙarfenta da yawa daga waje yake zuwa. A watan Oktoba na 1935 Mussolini ya aika sojoji suka mamaye Habasha, sai Majalisar Ƙasashe ta lokacin ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi. Ko bayan an ɗage takunkumin a 1936, gwamnatin ta ci gaba da manufar dogaro da kayan cikin gida, ƙarfen da ke akwai kuma makamai ake yi da shi. Injiniyan da ke son aiki dole ya koyi gini da rodi kaɗan.

Rumfunan Orvieto

Nervi ya ci gasar da dabarar da ba a saba gani ba. Maimakon ya jera manyan bim a miƙe, sai ya lanƙwasa rufin ya zama baka, ya yi shi da siraran haƙarƙarin kankare masu gicciye juna a karkace, kamar saƙar kwando da aka kife. A irin wannan tsari babu haƙarƙarin da ke ɗaukar kaya shi kaɗai, nauyin na rarrabuwa ne ta cikin ragar har ya sauka kan ginshiƙan gefe.

Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon soron sarauta a ƙasar Hausa zai gane abin nan take. Maginanmu na gargajiya suna fito da azara daga bango mataki-mataki, su lulluɓe ta da ƙasa har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo, bakunan kuma su gicciye juna su ɗauki rufin. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufa Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, shekara ɗari kafin Nervi. Azara gajera ce, ba ta iya tsallake babban ɗaki a miƙe, sai gwani ya nemi mafita ta hanyar siffar ginin. Kayan aikin sun bambanta, girman ma ya bambanta, amma tunanin ɗaya ne.

Sai dai akwai matsala. Babu kwamfuta a lokacin, kuma lissafin ragar da ke da ɗaruruwan mahaɗai ya fi ƙarfin biro da takarda. Nervi ya yi kwarya-kwaryan lissafi, sannan aka ƙera ƙaramin samfurin rumfar da wani irin roba mai ƙarfi, aka kai shi ɗakin gwaji na Farfesa Arturo Danusso a makarantar Politecnico ta Milan. Aka rataya masa nauyi, aka auna yadda kowane sashe ke lanƙwasawa, aka gwada da abin da lissafi ya bayar. Da wannan sakamakon aka gina rumfuna biyu na farko a filin jirgin soja na Orvieto, tsakanin 1935 da 1938.

Rumfunan sun tsaya, sojoji sun karɓa, amma shi mai aikin bai gamsu ba. Domin a zuba kankaren a can sama, sai da aka fara gina kusan wata rumfar ta katako a ƙarƙashi, kafintoci suka buga mazubin kowane haƙarƙari, aka tokare da sanduna birjik. Bayan kankare ya kama, aka kwance katakon, da yawansa ya tashi daga aiki. Duk wanda ya ga yadda ake zuba dakin a unguwarsu ya san kuɗin da katako da gora ke ci.

Da aka sake neman wasu rumfunan a 1939, sai ya sauya hanya. Ya rarraba haƙarƙarin zuwa gajerun gaɓoɓi, aka riƙa zuba su a ƙasa cikin mazubi ɗaya da ake maimaitawa, kamar yadda mai bulo ke buga ɗaruruwan bulo da injinsa guda. Gaɓoɓin ba toshe suke ba, an bar su da ramuka kamar tsani domin su yi sauƙi. Kowace gaɓa an bar mata bakin rodi a waje. In an ɗaga ta sama aka zaunar da ita, sai mai walda ya haɗa rodinta da na maƙwabciyarta, a cike mahaɗar da kankare mai ƙarfi. Rufin da ya kai tsawon filin ƙwallo ya zauna a kan ginshiƙai shida kacal: huɗu a kusurwoyi, biyu a tsakiyar dogayen gefuna. Rodi ya ragu, siminti ya ragu, katako kuwa ya ragu sosai. Da wannan hanya ya gina rumfuna shida tsakanin 1939 da 1942, bibbiyu a Orvieto da Orbetello da Torre del Lago. Da na farko, takwas ke nan.

Kano a wancan yaƙin

Kada mu ɗauka labarin ya yi mana nisa. Filin jirgin Kano, wanda ke arewacin birnin, ɓangaren da mu mutanen Kazaure muke shigowa ta Ɗambatta, yana cikin wannan tarihi. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a filin dawakai, ba rumfa ba hasumiya. A 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a gefen Jamus, sai hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingilawa. Suka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Wato a daidai lokacin da Nervi ke rufa wa jiragen Italiya rumfuna, jiragen da za su yaƙe su suna shan mai a Kano.

A 1943 gwamnatin Mussolini ta faɗi, Jamusawa suka mamaye rabin Italiya. A 1944, da sojojin ƙawance suka matso daga kudu, Jamusawa suna ja da baya suna lalata duk abin da abokan gaba za su amfana da shi. Suka dasa nakiya a gindin ginshiƙan rumfunan takwas suka tayar. Rufin ya faɗo ƙasa. Da aka duba ɓaraguzan, sai aka tarar akasarin mahaɗan da aka yi wa walda ba su rabu ba, alhali nan ne ake tsoron raunin ginin yake. Nervi yana da shekara 53 a lokacin, kuma aikin da ya fi alfahari da shi ya zama tarkace.

Siminti a kan ragar waya

Tun ana cikin yaƙin ya fara gwaji da wani abu daban. Ya jera ragar siririyar waya hawa-hawa, ya shafe ta da kwaɓin siminti da yashi ba tsakuwa, kamar yadda birkila ke yin filasta. Abin da ya fito siriri ne, mai ƙarfi, ba ya saurin tsagewa, kuma ana iya lanƙwasa ragar ta ɗauki kowace siffa kafin a shafa simintin, ba sai an buga katako ba. Wani Bafaranshe mai suna Lambot ya taɓa yin kwale-kwale da irin wannan a 1848, amma Nervi ne ya farfaɗo da shi ya mayar da shi kayan gini, ya yi masa rajista a 1943 da sunan ferrocemento. Domin ya nuna ƙarfinsa, bayan yaƙi ya ƙera jirgin ruwa da shi ya sa masa sunan matarsa, Irene. Kaurin jikin jirgin bai kai santimita 4 ba.

Da ya haɗa wannan da dabarar zuba gaɓoɓi a ƙasa da ya koya a rumfunan jirage, sai ƙofa ta buɗe. A ƙarshen shekarun 1940 ya rufa babban zauren baje koli na Turin mai faɗin sama da mita 90 da gaɓoɓi masu siffar igiyar ruwa, da tagogi a jikinsu. Ya yi aikin hedikwatar UNESCO a Paris tare da Marcel Breuer da Bernard Zehrfuss, aka buɗe a 1958. Ya yi lissafin dogon benen Pirelli na Milan. Domin wasannin Olamfik na Rum a 1960 ya gina wurare da dama, ciki har da ƙaramin zauren wasanni, Palazzetto dello Sport, wanda kubbarsa mai faɗin kimanin mita 60 aka harhaɗa ta da gaɓoɓi 1,620, tana zaune a kan ƙafafu 36 masu siffar gwafa. Ya gina tashar mota a New York a 1963, da zauren taro na Fadar Paparoma a 1971, da zauren Good Hope a Cape Town ta Afirka ta Kudu a shekarun 1970.

Ya koyar a Jami'ar Rum daga 1946 zuwa 1961. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1960, ta Amurka ta ba shi tata a 1964, duk da cewa shi injiniya ne. Uku daga cikin 'ya'yansa maza huɗu sun yi aiki tare da shi. Ya rasu a Rum ranar 9 ga Janairu, 1979, yana da shekara 87.

Rumfunan jiya da na yau

Yau da wuya ka ga rundunar da ke gina irin rumfar Nervi, kuma dalilan a fili suke. Na farko, kuɗin lebura ya tashi, ƙarfe kuma ya wadata. Rumfar gyaran jirage ta zamani ƙarfe ce da aka yanka a masana'anta bisa lissafin kwamfuta, a kawo ta a tirela, a ɗaure da noti cikin 'yan watanni. Hanyar Nervi na bukatar hannaye da yawa masu ƙwarewa da arha, abin da Italiya ke da shi a zamaninsa.

Na biyu, abin da ake nema daga rumfa ya sauya. Da inuwa ce kawai. Yanzu jirgin yaƙi cike yake da na'urorin lantarki da ba sa son ƙura da zafi, don haka rumfa na bukatar sanyaya iska, da ƙofofi masu aiki da lantarki, da kuranen ɗaga inji a sama, da na'urar kashe gobara mai fesa kumfa. Ku tuna ƙurar hunturu a nan Kazaure da abin da take yi wa kwamfutocin ɗakin gwajinmu, sai ku ƙiyasta abin da za ta yi wa jirgi.

Na uku, yaƙi ya koyar da cewa tara jirage da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya ko a fili ɗaya ganganci ne. Ranar 5 ga Yuni, 1967, Isra'ila ta lalata akasarin jiragen yaƙin Masar suna ajiye a ƙasa cikin 'yan sa'o'i. Daga nan ƙasashe suka shiga gina ƙananan mafaka masu kaurin kankare, kowace ta ɗauki jirgi ɗaya ko biyu, a warwatse a cikin filin. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991 kuma aka ga bama-bamai masu bin saiti suna huda irin waɗannan mafaka a Iraƙi. Sannan ga zamanin jirage marasa matuƙi, inda ake son ginin da za a kafa da sauri. Sansanin da Amurka ta gina a Agadas ta Jamhuriyar Nijar ya fara aiki a 2019, a 2024 sojojinta suka tattara suka bar shi. Ginin soja kullum yana bin makamin zamaninsa da siyasar zamaninsa ne, shi ya sa yake saurin tsufa.

Abin da bai tsufa ba shi ne dabarar zuba gaɓoɓi a ƙasa a ɗaga su a haɗa. Kwalbatoci da bim ɗin gadojin sama da ake kawowa a zube a ɗora da kurane, duk jikokin wannan tunani ne.

Abin da ya shafe mu

Akwai gefen labarin da bai kamata a ɓoye ba. Rumfunan nan an gina su ne wa rundunar da ta yi ruwan bama-bamai da iskar guba a kan mutanen Habasha a 1935 da 1936. Filin ƙwallon Florence ma da farko sunan wani ɗan jam'iyyar Mussolini aka sa masa. Kyan gini ba ya wanke abin da aka yi da shi. Duk wanda zai fita daga makarantar nan da takardar ND ko HND, wata rana za a miƙo masa aikin da zai tambayi kansa wa zai amfana, wa kuma zai cutu. Haka nan za a sami mai kuɗin da zai ce a rage rodi a raba ribar. Nervi ma ya rage rodi, amma sai da ya yi lissafi, ya gwada samfuri, ya sauya siffar ginin ta yadda kaɗan ɗin zai isa. Wanda ya zare rodi daga zanen da aka riga aka yi domin ya ci kuɗin, kabari yake haƙa wa mutane, kuma mun sha jin labarin benayen da suka rufta a ƙasar nan.

Kowa ya san yadda farashin siminti da rodi da katako ya zama a kasuwa. Manomi a Roni ko Gwiwa na bukatar rumbun da ɓera da gara ba za su shiga ba. Ƙauyukan Babura na bukatar tankunan ruwa masu arha, kuma a ƙasashen Afirka da Asiya da dama ana yin irin waɗannan tankuna da ragar waya da siminti, hanyar da Nervi ya farfaɗo da ita. Kasuwanninmu da tashoshin mota na bukatar rumfuna masu faɗi. Ga masu neman batun aikin kammala karatu a bana, maimakon a kwafo na 'yan shekarar da ta wuce a sauya suna, a gwada ƙera ƙaramin tanki ko ƙaramin baka, a ɗora masa buhunan yashi, a auna, a rubuta abin da aka gani ko da ya karye. In an fita aikin sanin makama kuma, a zauna kusa da kafinta da mai ɗaurin rodi, a tambayi tsohon magini yadda ake ɗaura bakan gizo tun masu sanin suna raye.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.